Muryar Abdurazak ta Sarƙe

Malanville, watan Yuni

Zuwa ga taubashina Zayyad, a Kazablanka.

Assalamu alaikum. Ina yi maka gaisuwar wanda aka daɗe ba a sa shi a ido ba. Yaya karatu, yaya baƙunta, yaya haƙurin rashin da muka yi? Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Kawu, mahaifinka, ya zo daga Guéné ranar kasuwa, ƙafar tasa ta yi sauƙi. Maigidana Latifu yana gaishe ka. Inna tana nan, tana cin abinci in an matsa mata.

Na ga kiranka ba sau ɗaya ba, ban ɗauka ba. Kada ka ji haushi. Tun da jirgin ruwan nan ya kife da Yaya Abdurazak a hanyar Gaya ta tsallaken kogi, Sarkawa masunta suka yi nema har suka gaji ba a ga gawarsa ba, in na buɗe baki zan yi maganarsa sai kuka ya riga ni. Rubutu ya fi mini sauƙi. In hawaye ya zo in dakata, in ya wuce in ci gaba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ka tuna tsohuwar kwamfutar nan da kai da Yaya kuka sa wa tsarin Linuks, kuna ta cika mana baki wai ba a sayensa, kowa yana iya buɗe cikinsa ya gyara? Tun bara Yaya ya kawo ta ɗakin Inna. Da idonta ya yi yana, shi yake zama ya yi mata karatu da addu'o'i, yana naɗar muryarsa a ciki saboda ranar da ba ya gida. Ya gyara mata yadda in ta kunna ta danna babban maɓallin nan, sai murya ta fara, ta ƙarshe da aka naɗa ita ce a gaba. Ta ƙarshen kuwa ita ce ta ranar Juma'ar da ya fita zai haye kogin, ita ce kuma ta fi tsawo. Kullum bayan azahar, ina kasuwa wajen shinkafata, Inna tana zaune da wannan muryar.

To, tun bayan rasuwar kwamfutar ta ɗauki wani hali. Tana cikin aiki sai ta sandare. 'Yar kibiyar nan ba ta motsi, maɓallai ba sa amsawa. Wata rana da wuri, wata rana sai an jima, ba ta da lokaci. Abin da ya fi ciwo, muryar ba ta yin shiru. Maƙalewa take a kan harafi ɗaya tana ta maimaitawa, kamar an shaƙe mutum yana son ya yi magana. Sai Inna ta laluba ta zare waya daga bango. Har yau ba ta taɓa jin karatun Juma'ar nan ya kai ƙarshe ba.

Ina tsoron wata rana a zare a mayar, ta ƙi tashi. Ba mu da kabarinsa, Zayyad, wannan muryar kaɗai muke da ita. Kai da ka tsallake hamada don karatun inji, ga ranarka ta zo.

Taubashiyarka,
Zaituna

Kazablanka, watan Yuni

Zuwa ga baiwata Zaituna.

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya same ni lafiya, sai dai na karanta shi a tsaye na ƙarasa a zaune. Allah ya jiƙan Abdurazak, ya sa shahada ce, ya ba Gwaggo, Innarku, haƙuri. Ki durƙusa ki gaishe mini da ita. Ki gaida Latifu, ki ce ina jinjina masa da ya iya zama da ke.

Ranar da muka sa wa akwatin nan Linuks ina tunawa. Ni ina karanta umarni, shi yana dannawa, kina leƙowa kina cewa mun ɓata wa mutane kuran, wutar lantarkinsu, a banza. Ban taɓa zaton zan yi maganarta da ke ba shi ba.

Kafin komai, ki nemi kile, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, mai ɗaukar kaya da yawa, ki kwafe muryoyin nan. Yau, ba gobe ba. Gyara yana iya jira, wannan ba ya jira.

Sannan ki roƙi Gwaggo ta daina zare waya. Duk lokacin da aka yanke mata kuran tana tsakiyar aiki, abin da ke ajiye a ciki yana iya tsagewa. In ta sandare, a danna Ctrl da Alt da F3 tare. In baƙin allo ya fito da rubutu, ashe cikinta da rai, fuskar ce kawai ta daskare. In bai fito ba, a danne maɓallin kunnawa har ta mutu da kanta, ya fi zarewa sauƙi.

Irin wannan ciwon mai zuwa ba sallama, ba a kama shi da hasashe. Ɗaya bayan ɗaya ake kore abin zargi. Inji yana rubuta duk abin da ya same shi, to bayan ta sandare kin sake kunnawa, ki buɗe baƙin tagar nan da nake nuna miki a hoto, ki rubuta journalctl -b -1 -e, ki ɗauko mini hoton abin da ya fito. Ki kuma rubuta sensors, zai nuna zafin cikinta. Da farkon kunnawa akwai wurin gwajin ƙwaƙwalwa, na zagaye shi da ja, ki bar shi ya yi ta yi tsawon yini.

Ki faɗa mini kuma, ɗakin yana da zafi? Kuran yana rawa? Kada ki ce abu ƙarami ne ki ɓoye, ki faɗi komai.

Uban gidanki,
Zayyad

Malanville, watan Yuli

Zuwa ga Zayyad, uban gidan da ko akuya ba shi da ita.

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fata kai ma haka. Damina ta zauna, kogi ya fara cika. Har yanzu gadar hayewa Gaya a rufe take, manyan motoci sun yi layi har ba a ganin ƙarshensu, mutane kuma suna ta hayewa a jirgi kamar ba a taɓa yin komai ba. Ni dai na canza hanyar zuwa kasuwa don kada in ga bakin ruwan.

Na yi duk abin da ka ce, kamar 'yar lakwal, 'yar makarantar boko. Na sayi kile. Gajerun muryoyin kaɗan sun shiga, da aka zo kan ta Juma'a sai ta kai rabi ta sandare. Na sake, ta sake. A karo na ƙarshe kilen kansa ya lalace, ko waɗanda suka shiga ba ya nunawa. Na zauna na yi kuka na share.

Maɓallan nan uku ba su yi komai ba. Rubutun da ka ce inji yana yi, ga hotonsa nan. Ni ban gane ba, amma na lura yana tafiya lafiya lau sai kawai ya yanke, ba ta ko yi ƙorafi ba kafin ta tsaya. Gwajin ƙwaƙwalwa na bar shi ranar Lahadi tun safe har la'asar, ba ja ko ɗaya. Zafin ma na duba da safe da na kunna, ga hoton. Ɗakin Inna kuwa ka san shi, ginin ƙasa ne, ga fanka, ga damina, har mayafi take ja. Kuran yana rawa kamar kullum, shi ya sa Latifu ya kawo regilater mai daidaita wuta daga shagon abokinsa ya haɗa. Washegari ta sandare kamar ba a yi ba.

Maganar zare waya, na faɗa wa Inna. Ta juyo da idon nan nata da ba ya gani sosai ta ce, "In bar shi shina shaƙewa ina saurare? Ke ba ki da tausai?" Na ce to a danne maɓalli. Ta ce, "Kahin in lalubo maɓalli ya wahala."

Na so in ɗauke kwamfutar in kai wa wani mai gyara a kasuwa. Inna ta ce, "Ba a hidda shi ɗakin ga. Mai son gyara shi taho nan." Na kawo mutumin. Yana ganin allon ya ce shi bai san wannan tsarin ba, amma in an yarda zai goge komai ya sa irin wanda kowa ke amfani da shi, kafin magariba an gama. Ban san sanda na nuna masa ƙofa ba, ko ruwa ban ba shi ba.

Inna ta fara cewa wai ba inji ba ne, Yaya ne bai samu kwanciya ba. Na ce ta yi istigfari. Amma in gaya maka gaskiya, yana raye kwamfutar ba ta taɓa yin haka ba ko sau ɗaya, ni ma abin yana tsaya mini a rai.

Zaituna

Kazablanka, watan Yuli

Zaituna, salam. Ina lafiya, jarrabawa ce ta sa ni gaba, ki yi haƙuri da gajeren rubutu. Ki gaida Gwaggo.

Na duba hotunan. Ƙwaƙwalwa lafiya, zafi daidai. Rubutun da ya yanke ba ƙorafi yana nufin abin yana zuwa ne farat ɗaya, inji bai samu damar faɗa ba. Ina zargin abin da ke sarrafa hoton allo, wataƙila sabuntawar da Abdurazak ya yi ta ƙarshe ba ta dace da tsohon inji ba. Da farkon kunnawa ki zaɓi layi na biyu, ki shiga da tsohuwar sigar, ga hoto. Ki gwada mako ɗaya.

In wannan ma bai yi ba, sai a goge komai a sa sabo. Ba wani abu ba ne, aikin rabin yini ne.

Zayyad

Malanville, watan Yuli

Zayyad,

Muna lafiya. Na amsa gaisuwarka, duk da ban ga wata gaisuwa ba.

Na karanta layinka na ƙarshe har na haddace. A goge komai. Ba wani abu ba ne. Ashe da na kori mai gyaran kasuwa, wani na kora in kira ɗan'uwansa mai takardar makaranta. Shi aƙalla bai san Yaya ba. Bai ci tuwo kwano ɗaya da shi ba, bai kwana ɗakinsa shekara da shekaru ba kamar kai, sanda Kawu ya kawo ka karatu birni.

Kai kana can inda in inji ya lalace a jefar a sayi wani. Mu nan abin da kake kira komai, mutum ne. Shi ne yake cewa Inna ta gyara zama kafin ya fara, shi ne yake tari a tsakiyar addu'a ya ce a gafarce shi. Ruwa ya ci jikinsa bai bar mana ko takalmi ba, yanzu kai kuma za ka ci muryar a rabin yini.

Na shiga da tsohuwar sigar kamar yadda ka ce. Ta sandare. Ka ci jarrabawarka lafiya, ba zan ƙara damunka ba.

Zaituna

Kazablanka, watan Agusta

Zuwa ga Zaituna.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Gwaggo da Latifu, gaisuwa cikakkiya wannan karon. Ina fata ruwa bai yi muku ɓarna ba.

Na koma na karanta abin da na rubuta, na ga abin da kika gani. Wallahi ba haka nake nufi ba. Nufina bayan an kwafe muryoyin sun tsira, an ajiye su wuri biyu ko uku, sannan a taɓa tsarin. Mu a nan in muka ce a goge, kowa ya san sai an kwashe kaya tukuna, shi ya sa ban faɗa ba. Na manta da wa nake magana da kuma abin da ke cikin akwatin. Da hannuna ba zan goge ko tarinsa ba.

Kin ce ina can inda ake jefarwa a sayi wani. Zaituna, ni ko zaman makoki ban samu ba. Labarin ya same ni a cikin aji, na fita na tsaya a bakin titi, ba wanda zan faɗa wa da harshenmu. Ke kina da Inna, kina da ɗakinsa. Ni ban taɓa jin ko ɗaya daga cikin muryoyin nan ba, jira nake ki kwafe ki turo mini.

Kada ki bar kowa ya taɓa kwamfutar. Ki rubuto ko zagi ne.

Zayyad

Kazablanka, farkon watan Satumba

Zaituna, salam. Shiru ya yi yawa. Na kira Baba a Guéné, ya ce ruwa ya shiga fadama, ya ce kuma Gwaggo ba ta jin daɗi, amma kin san shi, ba ya ba da labari sai rabi. In fushi ne ki ci gaba da yi, amma ki sa Latifu ya rubuto mini layi ɗaya in san halin da ake ciki. Kwamfutar tana tashi har yanzu?

Zayyad

Malanville, watan Satumba

Zuwa ga taubashina Zayyad.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, na kuma ga saƙonninka duka biyu. Fushin ya daɗe da wucewa, kunya ce ta maye gurbinsa, sai kuma hidima ta hana ni zama. Ka yafe mini. Ban yi tunanin kai ma kana da naka makokin ba.

Kogi ya yi ambaliya ya shanye gonakin shinkafa na gefen Madécali, har da ta Latifu. Inna kuma zazzaɓi ya kwantar da ita, muka yi ta zarya gidan likita. Ta tashi, amma ta rame, zanenta har sau biyu take naɗa shi.

Kwamfutar tana tashi, sai dai da ƙyar. Yanzu in an kunna sai ta tsaya tana wani dogon rubutu tana ƙirga kafin ta buɗe, ga hoton. Addu'o'in safe guda biyu sun daina buɗewa gaba ɗaya. Ban faɗa wa Inna ba. Abin da ka ji tsoro ne ya fara, na sani. Latifu zai je Kandi jibi, zai sayo sabon kile.

Ga wani abin da na jawo wa kaina. Rufin ɗakin Inna ya yi yoyo daidai kan teburin kwamfutar, ruwa mai ƙasa ya ɗiga a kan rigar Yaya. Da na zo da safe na gani, ban yi shawara da kowa ba na ɗauke ta na wanke. Inna ta laluba ta ji babu, ta ce ina rigar. Na ce tana kan igiya. Zayyad, ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta ce, "Kin wanke? Ƙamshi nai fa?" Ashe turarensa da ke jikin rigar shi take shaƙa in tana saurare. Na wanke shi da sabulu, ya tafi. Tun jiya ba ta yi mini magana ba. Ga hadari ya hana rana fitowa, shadda ce mai kauri, ta ƙi bushewa. Ita kuma ta ce ba za ta kunna akwatin tsirara ba, sai rigar ta dawo.

Shi ya sa yau na samu akwatin ni kaɗai. Abin mamaki, tun safe nake kansa, na karanta saƙonninka, na yi kuka, na tashi na dafa wa Inna kunu na dawo, na rubuta wannan duka, bai sandare ba ko sau ɗaya. Wataƙila ya ji tausayina ne.

Taubashiyarka,
Zaituna

Kazablanka, watan Satumba

Zaituna,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da Gwaggo ta tashi. Allah ya mayar wa Latifu da alheri. Ba komai tsakaninmu, dama baiwa ba ta laifi a wurin uban gida mai haƙuri.

Yanzu ki natsu. Wace riga? A kan me take? Na karanta wurin nan na sake karantawa. In na fahimce ki daidai, babbar rigar Abdurazak tana lulluɓe da kwamfutar, kuma a haka Gwaggo take kunna ta. Na san yadda take rufe kayanta. Rediyonta, kwallayenta, har tulun ruwa, ba ta barin kusurwa a buɗe, sai ta cusa gefen ƙyalle a ƙasa ta danne.

Akwatin nan numfashi yake. Akwai ƙananan ramuka a bayansa da gefensa, da 'yar fanka a ciki mai fitar da zafi. In aka naɗe shi da shadda, zafin ba shi da hanyar fita, sai ya taru har wani abu a ciki ya tsaya cak. Shi ya sa ba shi da lokaci, ya danganta da yadda aka naɗe da kuma zafin ranar. Da kika duba zafi, da safe ne, yanzu aka kunna. Ranar gwajin ƙwaƙwalwa ina jin kin yaye rigar don ki riƙa ganin allo. In kina kwafa kuwa, na tabbata gaban kawai kike ɗagawa ki bar akwatin a naɗe.

Na tambaye ki zafin ɗaki, ban tambaye ki abin da ke kan injin ba, don a idona tsirara nake ganinsa kamar nawa. Ke kuma ba ki faɗa ba, don wa zai ba da labarin an rufe kaya a ɗakin tsohuwa? Muka yi wata da watanni muna tuhumar Linuks, shi kuwa ba ruwansa.

A cire rigar gaba ɗaya. A ja teburin daga bango, a share ramukan da busasshen buroshi. Ki kwafe ta Juma'a da farko, kafin komai, don rubutun nan da yake yi da farkon kunnawa alama ce ma'ajiyar ta gaji da zare waya. Ba ta da sauran jimiri mai yawa.

Yadda za ki faɗa wa Gwaggo, wannan ba a koya mana shi a nan ba. Allah ya ba ki bakin faɗa.

Zayyad

Malanville, ƙarshen watan Satumba

Zuwa ga Zayyad.

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ruwa ya fara ja da baya. Inna tana amsa gaisuwarka, ta ce Allah ya yi maka albarka. Ka zauna kafin ka karanta.

Duk yadda ka faɗa haka ne, kamar kana ɗakin. Sanda saƙonka ya zo rigar ta bushe, Inna ta mayar ta naɗe shi tsaf, har ya sandare mata sau ɗaya ta zare waya. Na rasa ta inda zan fara. Na zauna kusa da ita ina tsince mata wake, na ce Zayyad ya gano ciwon. Na ce rigar ce take hana shi numfashi.

Ka san Yaya ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, ranar da labari ya zo ma mata suna ta kuka ita tana ba su haƙuri. Sai ta ce, "Kowa ya mutu ana suturta shi. Shi ruwa ya tai da shi hakanan, ko ƙyalle ban aza mishi ba. Na ce bari in ruhe abin da ya rage." Sannan ta ce, "Ashe ni ce ka shaƙe shi."

Na ce a'a Inna, ba ki sani ba ne, mu ma da muka yi lakwal ba mu sani ba. A nan ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar, ni kuma na riƙe ta. Ranar ba a kunna komai ba.

Washegari Juma'a ce. Ban je kasuwa ba. Bayan azahar ta tashi da kanta ta laluba, ta zaro gefen rigar daga ƙarƙashin akwatin, ta yaye ta, ta ninke ta ɗora a cinyarta. Ta ce, "Kwashe abin da za ki kwasa." Latifu ya ja teburin, ya share ramukan. Ƙurar da ta fito ta isa a shuka gero. Na sa sabon kile, na fara da ta Juma'a. Ina kallon layin nan yana tafiya, ya kai rabi, ya wuce, ya cika. Ta shiga, Zayyad. Na sa a wayata, na sa a ta Latifu, ga ta nan na haɗo maka da wannan saƙon.

Sauran ba duka suka tsira ba. Addu'o'in safe sun tafi, da wasu da yawa na watannin farko. In an danna su ba abin da ke fitowa. Na gwada yadda na iya, na haƙura.

Sannan Inna ta ce a kunna mata. Na ce ga shi a waya, ta ce a'a, a akwatinsa. Ta danna babban maɓallin da kanta. Yaya ya fara karatu, hannunta ɗaya a kan rigar, ɗayan a kan wayar bango, a shirye. Aka wuce inda ya saba maƙalewa, aka wuce inda bai taɓa kaiwa ba. A hankali ta saki wayar. Karatu ne da ita kanta ba ta ji ƙarshensa ba ranar da aka yi shi, don ashe gyangyaɗi ya ɗauke ta yana cikin yi. Da ta farka ya riga ya fita.

Ya shafa addu'a. Muka ɗauka an gama, har na miƙa hannu. Sai aka ji ya gyara zama, ya rage murya ya ce, "Inna? Kin yi kwana?"

Inna ta ɗago kai ta ce, "Ban yi ba. Ina jin ka."

A cikin akwatin ba wanda ya amsa masa. Ya yi 'yar dariyar nan tasa, ya ce a hankali don kada ya tashe ta, "To, bari in je Gaya. Sai na komo."

Ta ce, "Allah shi kiyaye hanya."

Ba zan iya ƙara komai ba yau. In za ka saurara, kada ka saurara a kan titi.

Taubashiyarka,
Zaituna